Tambaya da amsa: 'Yan matan mashayar Bankok, sayar da su aka yi ko su suka kai kansu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, nakan je Bankok saro kaya sau biyu ko uku a shekara, kuma masaukina yana wajen Nana ne kusa da layin Larabawa saboda abincin halal da masallaci. Abun da ke damuna shi ne da dare in ka tsallaka titi sai ka ga mashaya jere da 'yan mata birjik, wasu da lamba maƙale a riga, wasu kamar ba su kai ashirin ba. Wani ya ce min duk sayar da su aka yi, wani kuma ya ce ƙarya ne son kuɗi ne kawai kuma al'adarsu ce. Wanne ne gaskiya? Kuma akwai 'yar maƙocina da wata mata ta ce za ta kai ta can aikin gyaran gashi, iyayen sun ce in ba su shawara tunda ina zuwa, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, na gode da wannan tambaya, kuma na ji daɗi da ka ce abun yana damunka domin da yawa suna wucewa ta wannan titin ko dai su tofar da yawu ko kuma su shiga, kaɗan ne suke tsayawa su tambayi wace ce yarinyar nan kuma daga ina ta fito. Maganar 'yar maƙocinka ita ce mafi gaggawa, zan zo kanta, amma in ka fahimci yadda mashayar take aiki amsar za ta fi zama maka a rai.

Mutanen biyu da suka ba ka amsa kowanne ya kama gefe ɗaya ne na tabarma. Akwai waɗanda aka sayar da gaske, akwai kuma waɗanda suka hau bas da ƙafarsu suka zo suna sane da irin aikin, amma mafi yawa a tsakiya suke, ba wanda ya ɗaure su da igiya, sai dai bashi da yunwa da iyaye da yara a ƙauye sun ɗaure su ɗaurin da ya fi na igiya. Mu da muke aikin lafiyar al'umma ba ma fara tambayar "da son ranki kika zo?" domin amsar ba ta cika fitar da komai ba, tambayar da muke yi ita ce wa ke riƙe da kuɗinki, wa ke riƙe da takardunki, kuma in kika ce yau kin daina za a bar ki ki fita?

Bari in fara da kalmar da mu kanmu muke amfani da ita. In Bahaushe ya ce 'yar bariki ai ka san me yake nufi, kuma barikin nan asalinsa barikin soja ne da na Turawan mulki, wato harshenmu ma ya riga ya lura cewa inda aka tara maza masu albashi nesa da iyalansu to kasuwar nan sai ta kafu a gefe. To abun da ya faru a Tailan, ƙasar da Bankok take, kenan amma a babban sikeli. Karuwanci yana nan tun kafin zuwan Amurkawa, kar wani ya ce maka su suka ƙirƙiro shi, amma irin wannan salon na mashaya mai fitilu da kiɗa da rawa lokacin yaƙin Biyetnam ya samo asali. A shekarun 1960 Amurka ta jibge sojoji sama da 40,000 a Tailan, a sansanoni irin su Udon Thani da Korat da Ubon da Nakhon Phanom da U-Tapao, sannan a 1967 aka ƙulla yarjejeniyar kawo sojojin da ke fagen daga su zo hutu na 'yan kwanaki da daloli a aljihu. Pattaya da ake ji yanzu ƙauyen masunta ne a da, kusancinta da U-Tapao ne ya mayar da ita abun da ta zama. Da yaƙi ya ƙare sojoji suka kwashe a tsakiyar shekarun 1970 mashayun ba su rufe ba, sai 'yan yawon buɗe ido daga Jamus da Ingila da Japan da Ostareliya suka maye gurbin, gwamnati kuma tana son kuɗin waje sai ta kau da kai.

Ka lura da wani abu, yawancin sansanonin da na lissafa a yankin arewa maso gabas suke, wanda ake kira Isan, kuma har yau in ka tambayi 'yan matan Nana ko Patpong ko Pattaya daga ina suke, kaso mai yawa Isan za su ce maka. Yankin yana da kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar ƙasar kuma shi ne mafi talauci, ƙasa ce mai rairayi da gishiri-gishiri, noman shinkafa sau ɗaya a shekara da ruwan sama, in damina ta ƙi shi kenan sai bashi. Maza su tafi ci-rani Bankok su tuƙa tasi ko su yi leburanci, mata su shiga masana'anta ko aikatau. Mafi ƙarancin albashi a 2013 aka kai shi baht 300 a rana (baht shi ne kuɗin ƙasar), sai a 2025 ya taɓa 400 a wasu jihohi kaɗan, to mace mai yara biyu da mijin ya gudu ya bar ta, ga uwa ba lafiya ga bashin taki, sai wata 'yar ƙauyensu ta dawo hutun sabuwar shekara da sarƙar gwal ta gina wa iyayenta gidan bulo, kaga ba sai an yi mata dogon bayani ba. Da yawa daga cikin waɗanda ka gani kana zaton yara ne iyaye mata ne, wasu sun haura talatin, ƙaramin jiki ne da kwalliya. Ban ce babu ƙananan yara a harkar ba, akwai, amma su an fi ɓoye su a wuraren da ba a gani daga titi.

Maganar "al'adarsu ce" kuwa ina so ka yi hankali da ita. Addinin Buddha da suke bi bai halatta wannan ba, kuma a ƙauye abun kunya ne, yawancinsu cewa suke yi a gidan abinci ko otal suke aiki, iyaye su karɓi kuɗin su yi kamar ba su gane ba. Abun da ke cikin al'adar da gaske shi ne abun da suke kira bun khun, wato bashin alherin iyaye da ke wuyan ɗa. Ɗa namiji zai iya sauke wani ɓangare na wannan nauyin ta hanyar shiga gidan ibada ya zama malamin addini na ɗan lokaci ladan ya je wa mahaifiyarsa, ita kuwa 'ya mace wannan ƙofar ba a buɗe mata take haka ba, nata biyan da ɗawainiya ne, ta ciyar, ta biya kuɗin makarantar ƙanne, ta rufa gida. Wani rahoto na hukumar ƙwadago ta duniya a 1998 ya kiyasta cewa matan da ke wannan sana'a a biranen Tailan suna tura wa ƙauyuka kusan dala miliyan 300 duk shekara, kuma ya ce harkar tana ɗaukar tsakanin kashi 2 zuwa 14 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasashe huɗu da aka bincika, Tailan da Filifin da Indonesiya da Maleshiya. Duk lokacin da na tuna wannan lissafin sai raina ya ɓaci wallahi, domin ma'anarsa aikin da gwamnati ya kamata ta yi na tallafa wa manomi da tsoho da mara lafiya, jikin waɗannan matan ne ya ɗauke shi.

Yanzu yadda mashayar take cin kuɗi, nan ne mutane ba su sani ba. A takarda ita ma'aikaciyar mashaya ce, mai kawo abun sha ko mai rawa ko mai zama da baƙo ta taya shi hira. Ana ba ta ɗan albashi, sauran kuɗin daga kamasho ne, duk kofin da baƙo ya saya mata ana sayar masa da tsada ita kuma a ba ta wani kaso, shi ya sa za ka ga tana ta shan giya kowane dare ko ba ta so, kuma mu a ɓangaren lafiya ciwon hanta da shaye-shaye suna cikin manyan abubuwan da muke gani ba cutar sanyi kaɗai ba. In baƙo yana so ya fita da ita sai ya biya mashaya wani kuɗi da suke kira ba-fain, wato tarar ɗauke ma'aikaciya daga bakin aiki, abun da zai biyo baya kuma mai mashaya zai ce shi ba ruwansa tsakaninsu ne. Da wannan dabarar ya wanke hannunsa a gaban doka alhali shi ya fara karɓar rabonsa. Akwai mace mai kula da su da ake kira mamasan, kusan dai magajiya a wajenmu, ita ke raba aiki ta sasanta rigima ta kuma sa ido. Lambar da ka gani a riga don baƙo ya nuna ne ba sai ya san suna ba. Sannan ga tara iri-iri da ake zaftarewa daga albashi, in ta makara a cire, in ta yi fashin rana a cire, in ba ta cika adadin kofuna ko adadin fita na wata ba a cire, har ƙiba in ta ƙara wasu wuraren cirewa suke yi. Ƙungiyar Empower, wadda Chantawipa Apisuk ta kafa a 1985 kuma su matan ne da kansu suke tafiyar da ita, ta daɗe tana kuka a kan waɗannan tarar, har a 2006 suka buɗe mashayarsu ta kansu a Chiang Mai mai suna Can Do don su nuna ana iya yin wurin da ake bin dokar ƙwadago, da ranar hutu da inshora, ba tilasta shan giya.

Dokar kanta baki biyu gare ta. Tun 1960 aka haramta karuwanci a Tailan, amma a 1966 aka yi dokar wuraren nishaɗi da ta ba mashaya da gidajen tausa lasisi, sai ya zama gidan halal ne a wajen hukuma amma abun da ke kawo kuɗin gidan laifi ne, kuma laifin kan mace yake faɗawa. Dokar 1996 ta gyara wani abu, ta tsananta hukunci a kan masu kai yara da masu neman 'yan ƙasa da shekara 18, amma ta bar damar a kama babbar mace a ci ta tara har baht 1,000 a kuma rubuta sunanta a kundin masu laifi, wanda zai bi ta duk inda ta je neman wani aikin. To mace da ta san haka in baƙo ya doke ta ko ya hana ta kuɗinta za ta je wajen 'yan sanda? Ba za ta je ba. Wannan gibin shi ke ciyar da cin hanci. Lokacin korona a 2020 da aka rufe mashayu, ƙasar da ta karɓi baƙi kusan miliyan 40 a 2019 ta koma shiru, da yawansu ba su samu tallafin gwamnati ba saboda a takarda aikinsu babu shi.

Kuma kar fitilun Nana su ruɗe ka ka zaci Turawa ne kaɗai kwastomomi. Ɓangaren baƙi shi ne mai hayaniya amma ƙarami ne, kasuwar da ta fi girma ta mazan ƙasar ce, a gidajen tausa da karaoke da ƙananan gidaje a garuruwan kan iyaka, kuma a can ne aka fi samun ainihin safarar mutane. A arewacin ƙasar an yi wani abu da suke kira tok khiao, ma'anarsa kamar sayar da amfanin gona tun yana kore, dillali ya ba iyaye kuɗi tun yarinya tana firamare, in ta gama ya zo ya ɗauke ta ta biya da jikinta. A 1984 gobara ta tashi a wani gida a Phuket 'yan mata 5 suka ƙone saboda a kulle suke ba hanyar fita, abun ya girgiza ƙasar. Da karatun mata ya faɗaɗa wannan ya ragu sosai a tsakanin 'yan Tailan, sai dillalai suka koma kan 'yan Myanmar da Lawos da Kambodiya da ƙabilun kan tsaunuka da ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Duk wadda ba ta da takarda, ba ta jin yaren, kuma ana bin ta bashin mota da masauki, ita ce a bakin kura. Ka riƙe wannan domin shi ne ya shafi 'yar maƙocinka.

A Filifin labarin kusan ɗaya ne, garin Olongapo ya ginu a jikin sansanin jiragen ruwan Amurka na Subic, Angeles kuma a jikin sansanin jiragen sama na Clark. Dutsen Pinatubo ya yi aman wuta a 1991 ya lalata sansanin Clark, a shekarar kuma majalisar dattawa ta ƙi sabunta yarjejeniyar sansanonin da ƙuri'a 12 da 11, Amurkawa suka fice a 1992 suka bar dubban yara da suka haifa, kuma dokar Amurka ta 1982 da ta buɗe wa irin waɗannan yaran ƙofa daga Biyetnam da Koriya da Tailan da Lawos da Kambodiya ba ta sa na Filifin a ciki ba. Kambodiya kuwa ita ce darasin da nake yawan kawowa ga masu cewa a rufe kawai a huta. Harkar ta bunƙasa lokacin da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya wajen 20,000 suka zauna a 1992 zuwa 1993, sai a 2008 aka yi dokar yaƙi da safarar mutane aka bi gidaje ana rufewa, matan ba su ɓace ba, sun watsu ne zuwa karaoke da lambunan giya da tituna inda ma'aikatan lafiya ba sa iya samunsu, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch a 2010 ta tattara shaidun duka da ƙwace da fyaɗe da aka yi musu a hannun 'yan sanda da masu gadin wuraren tsarewa. Wasu ma sun daina yawo da kwaroron roba don kar a kama su da shi a ce shaida ce.

Ka kwatanta wannan da abun da Tailan ta yi da ƙanjamau. Wani likita, Wiwat Rojanapithayakorn, ya fara wani shiri a jihar Ratchaburi a 1989, ya tara masu gidajen da 'yan sanda da jami'an lafiya aka yi ittifaƙi cewa kowane gida ba kwaroro ba hulɗa, ta yadda namiji ba zai fita daga nan ya samu a maƙota ba. A 1991 aka mayar da shi na ƙasa baki ɗaya, ga kuma wani mai fafutukar kiwon lafiya, Mechai Viravaidya, yana ta wayar da kai a rediyo da talabijin. Sabbin masu kamuwa a shekara suka sauko daga kusan 143,000 a 1991 zuwa ƙasa da 20,000 a farkon shekarun 2000. Shirin yana da nasa laifin, an riƙa tilasta wa mata gwaji ana barin maza, amma ya ceci rayuka masu yawa har da matan aure na gida da ba su san hawa ba su san sauka ba. Na san a matsayinmu na Musulmi zina haramun ce ba mai jayayya, ni ma ban zo in wanke sana'ar ba, amma haramcin abu bai hana a tsare ran mai yinsa ba, kuma wanda ya fi cancantar tuhuma a wannan ciniki shi ne mai kuɗin da ya tsallako teku ya zo sayen talaucin wata, ko Bature ne ko Balarabe ko namu, domin kai ma ka san ba Turawa kaɗai ke tsallaka titin nan ba.

Toh Alhaji, batun 'yar maƙocinka. Ka gaya wa iyayenta kar su bari ta tafi. Dalili na farko ma ya isa, gyaran gashi da kwalliya yana cikin sana'o'in da dokar Tailan ta keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai, haka tausa irin tasu da talla a titi da jagorar 'yan yawon buɗe ido, baƙo ba ya samun izinin yin su, kenan duk wadda ta ce za ta kai ta aikin saloon a Bankok ko dai ba ta san doka ba ko kuma ƙarya take yi. Na biyu, bizar yawon buɗe ido ba ta ba da damar aiki, aiki na gaskiya sai da biza ta daban tun kafin a tashi, da kuma takardar izinin aiki da sunan kamfanin a jiki. Yadda ake yi wa 'yan matan Afirka, an fi jin labarin 'yan Yuganda amma har da na Yammacin Afirka, shi ne a biya musu tikiti, suna sauka a karɓe fasfo a ce ana bin su dubban daloli, biza ta ƙare, daga nan tarar wuce wa'adi ta fara hawa baht 500 kowace rana har ta kai 20,000, in aka kama ta sai gidan tsare baƙi na Suan Phlu har sai an samu mai saya mata tikitin komawa. Tsoron wannan kamun shi ake riƙe ta da shi, kuma irinsu ba ma a cikin mashayar suke ba, a bakin titin Sukhumvit suke tsayawa bayan tsakar dare, wataƙila ka taɓa ganinsu a hanyarka ta komawa masauki.

Su tambayi matar sunan shagon da adireshinsa da lambar rajistarsa, tunda kana zuwa kai da kanka za ka iya zuwa ka duba, su tambaye ta wa zai biya tikiti kuma nawa za a biya ta daga baya a rubuce, da wa zai riƙe fasfo. In ta fara kwana-kwana ko ta ce a yi sauri kar dama ta wuce ko ta ce kar a gaya wa kowa sai an isa, su kai maganar ofishin NAPTIP, hukumar da aka kafa a 2003 don irin wannan, suna da ofis a Kano kuma ba sai an riga an fita da yarinya daga ƙasa ba kafin su saurari ƙorafi. In kuma a can ka haɗu da wata da ta ce maka an ƙwace mata fasfo ko ka ga yarinya ƙarama a irin wuraren nan, kar ka ce za ka shiga ka fito da ita da kanka, akwai layin 1300 na ma'aikatar jin daɗin jama'a da 1155 na 'yan sandan masu yawon buɗe ido, na biyun suna jin Turanci, kuma in 'yar Najeriya ce ka sanar da ofishin jakadancinmu da ke Bankok a ranar.